Kundin da Ba a Karɓa Ba

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin kundin ɗalibai
a titin Kaliurang, arewa da jami'a,
inda dutsen Merapi ke tsaye yana busa hayaƙinsa
kamar tsohon da ya gama magana da kowa.
Wagiman sunana. Shagona taku huɗu ne,
in ka yi na biyar kana cikin kwata.

Dama da ni Ngatini ce, mai shinkafa a ganyen ayaba,
littafin bashinta ya fi na tarihi kauri.
Ba ta taɓa bin ɗalibi har ɗaki ba,
takan ce cikin da ya ƙoshi bayan yunwa ba ya mantuwa.
Hagu da ni Sarjono mai faci,
da kwanon ruwansa, yana laluben inda iska ke zurarewa.
Daga yadda yaro ya turo babur
yakan gane ya faɗi jarrabawa.

Sai ga takarda, wata Laraba, damina ta yi tsaka.
Mai fili ya sayar. Wata uku.
Wallahi ba wanda ya zage mu,
da murmushi aka miƙo, har da ruwan gora.

Yau hawa goma sha biyu ne a kan mazauninmu.
Wurin ninƙaya a bisa rufi,
ɗakin gilashi inda yara ke sheƙa gudu a kan inji
ba sa zuwa ko'ina.
Hayar ɗaki guda ta wata ɗaya
ta haura abin da Ngatini ke tarawa daga azumi zuwa layya.
Ƙofar ba ta jin sallama, kati take ji.
Abinci kan iso a bayan babur cikin leda,
mai kawowa bai san fuskar mai ci ba.
Ban ga laifin yaran ba.
Wanda ya tarar da daɓe, ina zai san an binne rijiya?

Ngatini ta koma Gunungkidul wurin 'yarta,
da tukwane biyu da littafin nan.
Sarjono ya samu hula da usur, shi ke gadin ƙofa,
tsaye daidai inda kwanonsa yake a da.
In mota ta shigo da taya a sace
sai ka ga yatsunsa na motsi a aljihu.

Ni kuwa ina kwashe kaya zuwa barandar gida
na ci karo da kundi a gindin kwali,
shuɗin bango, harufan ruwan zinariya, bugun hannuna.
An ba da rabin kuɗi shekara ashirin da biyu baya,
ba a dawo ba.
Kansa: Gidaje Masu Rahusa Domin Masu Ƙaramin Ƙarfi.
Mai shi: Hendratmo Priyambodo.
Sunan nan yana kan allon ƙarfe a bakin ginin,
sama da na kowa.

Na tuna shi. Siriri, takalmi ɗaure da waya.
Yakan ce wa Ngatini sai gobe,
ita kuma ta ƙara masa miya.

Mai ɗakina ta ce in kai masa, ko ya ji kunya.
Na sa rigar Juma'a na tafi.
Sarjono ya ɗaga mini shinge yana kallon ƙasa.
Yarinyar kan tebur ta ce ba ya nan, in jira ko in bar saƙo.
Na nutse a kujera, sanyin na'ura na cin gwiwata,
na buɗe shafi na tara:
"Titi kan mutu ran da mai abinci
ta rasa inda za ta girka tukunya."
Yaron ya iya rubutu, wannan ba musu.

Na shafa ƙeyar kundin da babban yatsa.
Ko zare ɗaya bai saki ba.
Na mayar da shi jaka na fito.
Ina binsa rabin kuɗina.
Ran da ya zo da ƙafarsa ya biya, ya karɓa.