Ɓarɓashin Alƙalami

Nezihe mai zayyanar rubutu, a ɗakinta na Üsküdar

Zauna, Orhun, kife wayar nan.
Shayinka ya huce kana ƙirga masu yabo.
Na ji. Wata shida da fara koyo,
har kana cigiyar zauren baje koli.

Jawo aljihun teburin can na ƙasa.
Takardar nan na shafe ta da farin ƙwai
shekarar da aka yi wa ɗana kaciya.
Yau shi ke kai ni asibiti, da furfura a gemu,
ita kuwa sai bana ta kwanta,
ta daina zuƙe tawada kamar mai ƙishirwa.

Hulki Usta ya riƙe ni shekara uku a kan wawu ɗaya.
Kowace Asabar in haye a jirgin ruwa,
iska na kokawa da jakata,
in miƙa masa, ya ɗiga ja a cikin harafin,
ya ce, "Yunwa yake ji," ya maido mini.
Na sha kuka a bayan jirgi
tsuntsayen teku na faɗa kan gutsuren burodi.
Wawun yake gyarawa ko ni?
Har ƙasa ta rufe shi ban tambaya ba.

Kada ka zaci daga nan hanya ta miƙe.
Shekara goma sha ɗaya ina rubuta allunan shaguna
da haruffan boko, ba ma waɗanda na sha wuya a kansu ba:
mai kifi, mai gyaran agogo,
da wani likita da ya biya rabi,
ya cire mini turmin haƙori a bakin saura.
Sai na'ura ta zo, ta yi aikin kwana biyu
kafin ruwan shayi ya tafasa.

Shekara bakwai ban buɗe kwalbar tawada ba.
Ina jinyar uwar mijina, ina shanya zannuwan gado.
Na ɗauka hannun ya mutu.
Ashe a bakin gadon ya yi karatu:
cokali a sama, ba rawa, ba gaggawa,
har tsohuwa ta haɗiye.
Da wannan jiran na ja alif na farko da ban ji kunyarsa ba.

Wanda jarida ta buga, aka yi ta kira,
ba na son ganinsa.
Kwalliya ce ta yi masa yawa, ina neman a san da ni.
Wanda nake so yana rataye a shagon aski a Kuzguncuk,
tururi ya ɓata masa kusurwa,
ba kowa ya san mai shi ba.

Sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Ba su gaya maka itacen da yake ci ba.

Dubi tulun nan bayan ƙofa.
Duk alƙalamin da na fiƙe, shekara hamsin da ɗoriya,
ɓarɓashinsa yana ciki.
Na kyawawan shafuka da na waɗanda na yaga,
na allon mai kifi, na wasiƙar neman bashi,
sun gauraya, ba mai iya tsince su.
Na bar wasiyya a hura wuta da shi
a ɗumama ruwan da za a yi mini wanka.
Ina jin zai isa. Ba na son ya yi zafi da yawa.

Yanzu hannun yana karkarwa,
sai na koma manyan haruffa, na faɗaɗa bakin alƙalami.
Akwai wani sin da nake bi tun bara,
haƙoransa uku sun ƙi zama lafiya da juna.
Watakila in cim masa. Watakila kai.

Ungo wuƙa. Ba haka ba, kwantar da ita.
Bar gorar ta gaya maka inda take so.
Yawwa.
Kada ka hure wannan, tattara shi a tafinka.
Akwai kwalbar zaitun da na wanke a madafa,
ɗauke ta, taka ce.
Gindinta ma ba zai rufu ba bana.

Tashi, jirgin ƙarfe shida ba ya jiran kowa.
Ka zo mini da wawu ranar Asabar.