Sawu Biyu a Kan Siminti

Shekara talatin ina ɗinkin takalma a Kasuwar Barci.
Ban yi karatun likita ba, amma na iya karanta dunduniya.
Miƙo takalminka, ka kama bakinka,
inda ƙasa ta cinye shi zai ba ni labarin tafiyarka.

Sai ga shi a cikin gidana na makance.

Haladu, ɗana na fari, ta ciki nasa ke cinyewa,
kamar kwalekwalen da aka yi wa lodi gefe guda.
Na yi ta liƙa faci, ina zagin masu roba.
Ranar tantance masu neman aikin soja
aka ce su tuɓe, su taka ruwa, su taka siminti.
Sawun kowa da ɗan giɓi, kamar an gatsi ƙosai,
nasa ya fito cif, kamar an yar da gurasa.
Aka ce ya koma gida.
Ya tako daga Kawo har Tudun Wada a ƙasa,
wai don ya ƙaryata su.
Cikin dare na ji shi yana matsa ƙwauri, yana cizon leɓe.

Ladidi, ƙanwarsa, ita kuma tata gada ce,
ƙadangare zai bi ta ƙasa bai sunkuya ba.
Dunduniya can, yatsu can,
a sawunta ko gaisawa ba sa yi.
Kanta ta kafa gida a inda nauyi ke sauka,
yatsun sun tanƙware kamar na shaho.
Sau uku tana targaɗe tsakanin ƙofa da famfo,
uwarta ta ce rawar kai ce.

A asibiti muka samu Rifkatu, mai gashin ƙashi.
Ta ce da Haladu, ɗage, tsaya kan yatsunka.
Sai ga kwarmin tafin ya leƙo
kamar yaron da ya ɓuya bayan ƙyaure.
Ta ce, ka gan shi? Yana nan, nauyi ke kwantar da shi.
Jarirai duk a shimfiɗe suke zuwa,
na wasu ya tashi, na wasu ya ƙi.
In babu ciwo, a bar kaza cikin gashinta.
Tunda naka na ciwo, dafa bango ka ja agara,
tattaro tsumma da yatsu, safe da yamma,
mirgina kwalba a ƙarƙashin tafi,
ka kuma rabu da silifas ɗin nan mai kamar ganye.

Ladidi ta fi cin lokaci.
An ƙwanƙwasa gwiwa, an sosa tafi,
an tambaye ni ko a dangi akwai mai irinta,
ko ƙafa ɗaya ce ta sauya kwanan nan,
don wani sa'in jijiya ce ke aiko da saƙo.
Na tuna tafiyar innata, na ce akwai.
Ta ce, to, wannan ƙafa ba ta iya shanye dukan ƙasa,
laushi take so, da faɗi, da abin riƙe idon sawu.

Sannan ta dubi hannuna, baƙi ƙirin da gam,
ta ce, Baba, sauran aikin ai naka ne.

Na zana ƙafafunsu a kan kwalin taliya.
Na yanka fata, na fere soso,
sau huɗu ina ɓatawa, tana mayar da ni.
Ɗaya na gina masa ɗan tudu ya jingina,
ɗaya na cike mata kwari.

Haladu bai sa kaki ba.
Har yau in motar soja ta wuce, yakan ɗauke kai.
Amma jiya wata mata ta kawo takalmin ɗanta,
ya juya shi, ya daɗe yana duban gefen ciki,
ya ce, Hajiya, ina yaron?
Kawo shi gobe, ki zo da shi ba safa.

Na ci gaba da huda fata kamar ban ji ba.