Buhu Takwas a Gonar Orazbai

Da sassafe gonarmu fari fat take,
baƙo zai rantse ƙanƙara ta sauka cikin dare.
Babana Orazbai ya dangwala da yatsa, ya lasa, ya tofar:
"Tekun da ya gudu, mu ya bar wa bashinsa."

Kakana masunci ne.
Jirginsa na can kwance a rairayi, tsatsa na cin haƙarƙarinsa.
Mu kuma a Shimbai alkama muke shukawa
a ƙasar da ke yin gumin gishiri.

Na ga alkama tsaye cikin ruwa, ƙishi na kashe ta.
Bakin ganye ya ƙone kamar an kara masa ashana,
saiwa ta dunƙule kamar hannun marowaci,
zangarniya ƙwaya tara, goma in an taki sa'a.

Shekarar da na gama karatu a Nukus
na dawo da buhu takwas a bayan taraktar Tilewmurat,
garin dutsen jifsam.
Baba ya kwance bakin ɗaya, ya daɗe yana dubana:
"Gulaim, fari ke cin gonata,
ke kuma fari kika sayo mini?"

Na tsuguna da tsinke na zana masa a ƙasa.
Saiwa gida ce, Baba, mai ƙananan ƙofofi.
Gishiri ɓarawo ne da ya yi kama da ɗan gida,
ta ƙofar abinci yake shiga, ba sallama.
Kalsiyam ɗin da ke garin nan shi ne yaɓen katanga,
shi ke liƙe tsaga, shi ke tsayawa bakin zaure.
Can ƙasa kuma ture gishiri yake daga jikin yumɓu,
in ruwa ya zo, ya tafi da shi lambatu.

Ya ce, "Rabin gona naki.
Rabi nawa ne, ni da taurin kaina."

Muka barbaɗa, muka kefta,
sau uku muka sako ruwan Amu Darya ya kwana ya tsane.
Sanyi ya tsaga mini leɓe.
Na yi ta leƙa kunya kamar mai jinyar jariri.

Ba abin al'ajabi aka yi ba.
Kusurwar gabas har yau farar ce, ko ciyawa ta ƙi ta.
Amma rabina ya kai mini gwiwa
lokacin da nasa ke lasar idon sawu.
Na hango shi da magariba ya murje zangarniya a tafi,
yana ƙirga, leɓensa na motsi:
ashirin da shida.
Bai ce komai ba. Ya hure ƙaiƙayi, ya zuba a aljihu.

Ran da Inna ta fitar da gurasar farko daga tanderu,
ya gutsura, ya tsoma a shayi mai madara,
ya tauna a hankali, ya ɓata fuska:
"Aisulu, gurasar nan ba ta ji gishiri ba."
Inna ta yi dariya har da hawaye.

Sai can, yana kallon bango, ya ce,
"Buhun nan naki, nawa ne ɗaya?"