Takalman Saje Tanimu

Ni aka sa kwashe ɗakinka, Saje,
don ni kaɗai na san maɓoyar makulli.
Akwatin ƙarfe ɗaya, bargo biyu,
rediyon da ka ɗaure wa baya da roba,
sai takalman nan baƙaƙe a ƙarƙashin gado
suna sheƙi kamar gobe fareti.

Shekara ashirin da shida da barin bariki,
Juma'a ba ta taɓa wuce ka ba ka goge su ba.
Na ce, Baba, ina za ka da su?
Ka ce, yaro, ba don tafiya ake goge takalmi ba.

A Bukuru aka ɗebe ka kana ɗan sha tara,
ɗan mai wankin kuza, dunduniya duk faso.
Laberiya kuwa, kalma uku ka ba mu a kanta:
ruwa, sauro, yara.
In aka matsa maka a kan yaran
sai ka miƙe, wai akuya ta kwance.

Ƙarfen da ya rage a ƙugunka
ya riga kowa jin sanyin Jos.
Kwana biyu kafin ya sauko kake fara ɗingishi,
matan layi su ce, a fito da rigunan sanyi,
Saje ya karkace.

A bakin tafkin da masu haƙa suka bari
ka jera kabeji sahu-sahu,
latas hagu, karas dama,
wanda ya goce daga layi
ka tsuguna ka yi masa faɗa a hankali.
Ban taɓa jin ka ɗaga wa mutum murya ba.

La'asar ta Choji ce, da dara a gindin mangwaro.
Ya ce shi ya goyo ka daga cikin fadama,
ka ce ƙarya, kai ka goyo shi,
kuka tsufa ba a raba gardama ba.
Shekarar da gari ya tsage biyu,
kowa ya san iyakar da ba ya ƙetarewa,
ka ɗauki kwandon kabeji da rana tsaka
ka bi titi har ƙofar gidansa.
Aka ce ba ka da hankali.
Ka ce, kwano ɗaya muka lasa a daji,
yanzu ne kwalta za ta raba mu?

Sau huɗu ka je Abuja tantancewa,
ka kwana a kan kwali, lambobinka a aljihu,
don kawai ka shaida musu kana numfashi.
Takarda ta biyar ta iso jiya,
kwana tara da rufe ka.
Wai ka zo da kanka.

Ba a busa maka begila ba.
Ƙasa ja, mutanen layi, sai iska daga dutse.
Amma a bayan katangar maƙabarta na hango Choji,
ya jingine sandarsa, ya haɗa dugadugai,
hannunsa na rawa a gefen goshi,
bai sauke ba har muka watse.

Takalman sun yi mini yawa, Saje.
Na gwada, yatsa biyu na shiga a baya.
Kabejinka na jiran ruwa,
ni kuwa ban iya yi musu faɗa ba.

Yau Juma'a.
Na ga buroshin a cikin na hagu,
inda ka bar shi.