Haƙoran Ƙarfe

Ƙanena Ma'azu ya dawo daga Oran
da tari, da bashi,
da wani ɗan injin gahawa mai huci kamar kububuwa.
Ya ce, Yaya, riƙe, ni ba ni da inda zan aza shi.
Ya dafa mini kofi guda, kurɓi biyu tak,
ya bar mini ɗacin a harshe, ya koma tasha.

Ashe injin nan ba kowane gari yake ci ba.
Na ba shi na leda, ya tofo mini ruwan wanki.
Tsahara ta daka mini ƙwayar a turminta,
gahawa ta fito tana ƙamshin daddawa,
muka yi dariya har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ran Alhamis na naɗe jika ashirin,
abin da albashi ya rage
bayan buhun hatsi da kuɗin ɗan ga-ruwa,
na nufi Kasuwar Dole.

Na farko ja ne, yana sheƙi, jika bakwai,
wuƙa biyu a cikinsa kamar farfela.
Yaron shago ya danna, abin ya kurma ihu.
Na juye a tafin hannu:
rabi ƙura, rabi tsaki.
Na ce, yaro, wannan sara yake, bai iya niƙa ba.

Na biyu yana can ƙolin kanta cikin kwalinsa,
jika ɗari da goma.
Ban taɓa ba. Na gaishe shi daga nesa.
Ko da ina da su,
wuta a Garin Malam baƙuwa ce,
ta shigo tsakar dare, ta fita ba sallama.

Rana ta take, takalmina ya cika da yashi,
sai ga shi a shimfiɗar Barma mai gwanjo,
tsakanin dutsen guga da mataccen rediyo:
na hannu, tsawonsa taƙi guda,
mariƙinsa ya karye.
Na kwance gindin, na leƙa.
Haƙoran ƙarfe, sama da ƙasa, ba giɓi,
suna haɗuwa kamar dutsen niƙa da ɗansa
a ɗakin kakata a Mirriya.

Barma ya ce sha takwas.
Na ce goma. Ya ce albarka, ya kau da kai.
Na yi taku uku. Ya yi gyaran murya.
A sha huɗu muka tafa,
jika guda kuma ga mai walda a Zango
wanda ya liƙa masa mariƙi da guntun birkin keke.

Kwana shida ina koyon halinsa.
In na saki noti, ruwa ya wuce a guje, salam, ba gishiri.
In na ƙara ɗaurewa, injin ya shaƙe, ya yi ta nishi,
ko ɗigo.
Ran na bakwai, gari ya tsaya tsakanin yatsuna
kamar rairayin bakin tafki,
ta zubo siririya, wutsiyar ɓera,
na ƙirga har ashirin da biyar,
kumfa ta taso kalar ganuwar Birni.

Yanzu kullum bayan asuba
juyi saba'in ne, kafaɗa tana ƙorafi,
kaji suna tsammanin da su nake.

Jiya na kurɓa, na tsaya.
Kanumfari. Citta. Wani abu kamar masoro.
Habsu, 'yata, ta ɓoye fuska a bayan uwarta:
yajin kunu ta niƙa, turmi ya yi mata nauyi.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na sake kurɓa.

Ma'azu, in ka samu katin waya ka kira.
Saura jika biyar na ajiye maka.
Tarin fa?