Takwara a Kasuwar Dole

Murjanatu aka raɗa mini, Murja ake kira.
A bakin Kasuwar Dole nake shimfiɗa tabarma,
ina zura tsakiya a zare tun hantsi,
ja bayan fari, fari bayan ja.

Ban taɓa tambayar sunana daga ina yake ba.
Wa ke tambayar gishiri garinsu?
Baba ya raɗa, liman ya shafa,
rago ya faɗi, shi ke nan.

Sai wata Alhamis tsohuwa ta tsaya a kaina,
da sanda, da tabarau ɗaure da zare:
Margarit, ungozomar asibiti ta da,
wadda rabin Zango a tafinta suka fara kuka.
Ta ɗaga ƙwaya ɗaya, ta haska a rana,
ta ce, "Yaya sunanki, 'yata?"
Na faɗa. Ta yi dariya har sanda ta zame.
"Ashe takwara ce ke sayar mini da kaina!"

Na ce, "Iya, ina Margarit, ina Murja?
Ke Lahadi, ni Juma'a."

Ta zauna kan buhun geron maƙwabci.
Wai wani fada ya gaya mata tana yarinya:
can ƙasar Girka, inda teku ke lasar dokin ƙofa,
haka suke kiran lu'ulu'u,
margari wani abu,
wutsiyar kalmar ta ɓace mata.
Kalmar ta hau jirgin ruwa, ta yi yamma, ta zama nata.
Ta yi gabas, Larabawa suka tauna ta
har ta yi laushi, ta koma marjan,
ta bi ayarin raƙuma, ta sauka a bakin Baba.
"Ko haka ne, ko an ƙara gishiri,
fada ya rasu, ba mai tambaya."

Na ce ta ɗauki ƙwayar kyauta.
Ta ƙi. Ta ƙirga dala goma, ɗaya bayan ɗaya.

Da dare ina layin famfo a Birni,
jarkata ta ashirin da uku,
famfon na tari, ba ya kawo komai.
Duwatsu sun durƙusa a bayanmu kamar giwaye,
suna amayar da zafin rana.
Na ce, ji mini suna!
An haife shi a gindin teku,
ga shi nan yana jiran ruwa da jarka.

Amma tsohuwa ta ce wani abu tana miƙewa:
wai ƙwayar rairayi ce kan shiga cikin kawa,
ta dame ta, ta hana ta barci,
kawa ta yi ta lulluɓe ciwon har ya yi ƙyalli.

Rairayi kam, Damagaram ba ta roƙo.
Akwai shi a takalmina, akwai shi a tuwo.

Na ba Tanimu labari yana kwance.
Ya juya, ya ce, "To, Bagirkiya,
an samu ruwan?"