Hagu Biyu

Ran Asabar na zazzage ɗaki,
na ce yau sai sito ya yi numfashi.
Na cika buhu taf da abin da ya ishe ni:
butar lantarki mai tsirarar waya,
gidan sauro da ɓera ya yi wa tagogi,
maganin tari na shekarar da aka yaye Nafi,
wando ba zariya, fitila ba kai.
Na ɗaure bayan babur,
ina jin lada na bi na tun daga Gidan Igwai.

A Mabera, gidauniyar ɗaki ɗaya ce da rumfa.
Hajiya Ige na kan benci, tabarau a karan hanci.
Ta kwance buhu ba ta tanka ba,
ta jera su ɗaya-ɗaya kan tabarma
kamar mai tallar laifina.

Ta ɗaga kwalba ta juya gindinta:
"Modi, karanta min wanga kwanan wata."
Na karanta. Na haɗiye miyau.
"Macen da za ta amshi wagga buta
ɗiya huɗu gare ta, ƙaramin rarrafe shikai.
Kana aje ta ɗakin Nafi?"

Ban ji zafin Sakkwato ba sai lokacin.

Sai ga shekarar da Rima ta ci gidanmu
ta dawo ta tokare mini maƙoshi.
Muna kwana cikin ajin firamare,
mota ta zo da dilar agaji,
aka miƙo mini takalmi ja, bai ko goge ba,
hagu biyu.
Inno ta yi godiya har ƙasa.
Na sa su, na taka a karkace,
yara na dariya, ni ma ina taya su,
don an ce wanda aka ba ba ya zaɓe.

Na kwashe kayana na koma.
Kwana uku igiyar shanya ba ta huta ba.
Ɗanjumma tela ya zura zariya,
ya rufe tagogin ɓera.
Mai gyara ya duba buta ya ce ta riga mu,
na bar wa 'yan gwangwan.
Kwalbar na kai kemis, su suka san makwancinta.
Bargon nan mai kauri da nake ta ɓoyo
don baƙon da bai taɓa zuwa ba,
shi na ninke a sama.

Buhun bai kai rabin na farko ba.
Hajiya Ige ta shinshina riga, ta ja maɓalli,
ta rubuta a littafi, ta ce in gaida gida.

Takalman da suka matse Nafi
su ban sa a buhu ba, a hannu na riƙo.
Bakin rumfa na tsaya na duba,
na sake dubawa,
sannan na ƙulle igiyoyinsu wuri guda:
dama,
hagu.